Ranar Da Na Faɗa Wa Hajiyarsa Ƙarshen Littafi

Jama'a, ku matso kusa. Yau abin kunyata na kawo muku da bakina, kafin Yaya ta riga ni, don in ita ce za ta ba da labarin nan sai ta ƙara masa abin da bai faru ba.

Wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu. A kantin magani nake aiki, ina bayan kanta daga safe zuwa la'asar cikin farar riga mai aljihu biyu, ɗaya na biro ɗaya na waya. A gida ba mai kirana da sunana. 'Yar Gaggawa, shi Abba ya laƙa min tun ina ƙarama, wai ban taɓa jiran shayi ya huce ba. Sunan kuwa ya bi ni. Ina da wata ɗabi'a da ban taɓa ɗaukarta laifi ba sai kwanan nan: ba na fara littafi sai na leƙa shafinsa na ƙarshe. Zuciyata ba ta da ƙarfi. Sai na tabbatar an ɗaura auren nan, ba a kashe min kowa ba, sannan in dawo farko in karanta hankalina kwance.

Sai ga shi Allah ya haɗa ni da mutumin da ya fi kowa rashin gaggawa a duniya.

Malamin lissafi ne a wata sakandare. A kantinmu na fara ganinsa, yana zuwa sayen maganin ɗigawa a ido da na ciwon suga na mahaifiyarsa. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge, gefen hannunsa kullum da farin alli. A wayata Malam To na sa masa, ga kuma dalili. Zan zauna in rubuta masa saƙo mai tsawon zani, in ba shi labarin matar da ta zo neman maganin da ta manta sunansa amma ta tuna kwalin kore ne, in haɗa da hoton dariya, in haɗa da zuciya ja. Sai in ga yana rubutu. In ƙura wa waya ido. Can sai ta yi ƙara.

"To."

Shi ke nan fa! Amma kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Wata rana cikin hira na ce kujerar da nake zama a bayan kanta tana rawa. Washegari sai ga shi da sukundireba a aljihu. Ya durƙusa, ya ɗaure ƙafar, ya girgiza ta ya ji ta tsaya, ya karkaɗe gwiwarsa ya ce zai makara aji. Ni kuwa ranar ban iya ƙirga ƙwayar magani daidai ba.

Matsalar a gida take. Gwaggo, yayar Abba, ta kafa min ƙahon zuƙa da ɗan wata ƙawarta mai sayar da kayan mota, wanda in ya shigo falo sai ƙamshin turarensa ya kwana a labule.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji ta. "Mutum ga mota ga baki, kin tsaya wa wanda gaisuwa ma sai an ja ta daga bakinsa kamar ana zare ƙaya."

Abba ba ya min dole. Amma ya kira ni ya ce, cikin muryarsa mai sanyi da ta fi faɗa ban tsoro, "'Yar Gaggawa, ba na son mutum ya riƙa tsayuwa a ƙofar gidana manyansa ba su san hanyar gidan ba. Kafin wata ya ƙare, ko su zo ko ya daina zuwa."

Da na gaya wa Malam To, sai ya yi jumla mafi tsawo da na taɓa ji daga gare shi. Ya ce tun rasuwar mahaifinsa shi kaɗai ne da Hajiya a gida, idonta kuma ya tafi gaba ɗaya, don haka duk wadda zai aura tare za su zauna. Ya ce Hajiya ce za ta tura kawunnansa, kuma ba za ta tura su ba sai ta ji muryata ta ji hankalinta ya kwanta. Kun dai ji inda maganar take. Aurena gaba ɗaya ya rataya a kan yamma ɗaya, a falon matar da ba za ta ga kwalliyata ba.

A ranar ne na hango littafin. Yana buɗe jakarsa zai sa maganin Hajiya, sai na ga wani tsohon littafi, bangonsa ya sha salatif, gefensa ya yi baƙi don taɓawa.

"Wannan fa?"

"Na Hajiya ne. Shi nake karanta mata da yamma."

"Tana son sa?"

"Ƙwarai."

Ku zama shaida, iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa sai kaina ya kawo wuta. Na ce a raina, ga ƙofa ta samu. Mace mai son littafi, ni mai son littafi, me ya rage? Na haddace sunan, washegari na tsaya wurin mai tsofaffin littattafai da ke shimfiɗa a gefen tasha, muka tona kwalaye ni da shi har hancina ya cika da ƙura, muka samo irinsa.

Gaskiya da farko raina shi na yi. Ni da na saba da littafin da tun shafi na biyu an haɗa ido zuciya ta buga, sai ga ni a wani ɗan ƙaramin gari a bakin kogi, gada ɗaya, titi ɗaya, inda kowa ya san ƙarfe nawa maƙwabcinsa ya kashe fitila. Jarumar ma ba budurwa ba ce. Wata tsohuwa ce mai shagon zare da allura, da kyanwarta mai ido ɗaya da ke kwana a kwandon ulu. An wayi gari an tsinci mai gidan burodin garin a mace cikin lambunsa. Ɗan sandan garin ya ce zuciyarsa ce ta tsaya, ya rufe magana ya tafi cin abinci. Tsohuwa ta ce a'a, mutumin da bai taɓa fita ba hula ba, me ya fitar da shi kai a buɗe?

Na leƙa ƙarshe, kamar yadda na saba. Na ga wanda ya yi. Na dawo farko.

Wayyo, jama'a, littafin nan ya kama ni ta inda ban zata ba. Ba gudu, ba bindiga, ba jini. Mutane ne kawai suke shigowa shagon tsohuwa sayen zare, ta zuba musu shayi, ta yi shiru, su kuma su yi ta zuba. Matar likita mai yawan gyara gyale in tana ƙarya. Mai aski da ya san sirrin kowa amma nasa ya fi na kowa nauyi. Na riƙa ɓoye littafin a ƙarƙashin kanta, mai sayen magani na fita in zaro shi. A cikin mota na wuce inda zan sauka. Na fara jin kamar na san garin, kamar in na tsallaka gadar nan kyanwar za ta zo ta shafi ƙafata. Da na kai ƙarshen da ƙafata, ba da leƙe ba, sai na ga ashe sanin wanda ya yi bai hana ni komai ba. Mai gyaran famfo ne, wani bawan Allah da ya fito sau ɗaya tak a farkon littafi, ya gyara wa tsohuwa famfo, ya sha shayi ya tafi. Saboda 'yarsa ya yi. Tsohuwar ba ta yi masa ihu ba. Ta zuba masa shayi, ta jira ya shanye, ta riƙe hannunsa ta raka shi ofishin 'yan sanda da kanta. Na kifa kaina a kanta na yi kuka, har mai kantin ya leƙo ya ce ko an yi rasuwa ne. Na ce eh, amma a littafi.

Ranar zuwa, na fito da kaya sun kai kala biyar na baza a gado. Yaya, wadda Umma ta ce ta raka ni, tana tsaye a bakin ƙofa tana cin gyaɗa.

"Ke, matar nan fa ba ta gani."

"Ai ɗanta yana gani."

Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da mayafi ruwan hoda, da takalmi marar tsini don kada in yi mata ƙwas-ƙwas a gida. Turare kaɗan na shafa, don na san hancinta ne idonta. Umma ta bi ni har ƙofa tana cewa, "Don Allah ki tauna magana kafin ki fito da ita. Ki bari a tambaye ki." Na ce to. Ashe To ɗin ma sai wanda ya iya.

Falonsu ƙarami ne, fes, komai a wurinsa. Ba tebur a tsakiya, an ture shi jikin bango don kada ta yi tuntuɓe. Kujeru biyu ne a gefen taga suna fuskantar juna, ɗaya Hajiya na kai, ɗayar ba kowa, an ɗora mata matashi. Na lura Malam To bai nuna mana ita ba, doguwar kujera ya nuna mana. Hajiya 'yar ƙaramar mace ce, fara, da farin gilashi, hannunta na kan cinyarta, littafin na ƙarƙashin hannun.

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ce, "Wace ce a cikinku? Mai sanyin muryar ko mai rawar muryar?"

Yaya ta ce, "Mai rawar, Hajiya."

Ta yi dariya, ta miƙo hannu, na sa nawa. Ta shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Hannun aiki. Madalla." Malam To ya shiga kicin haɗo shayi. Ta tambayi lafiyar Umma, ta tambayi ta Abba, ta tambayi aiki. Ina amsawa a hankali, Yaya na gyaɗa min kai alamar ina ƙoƙari.

Sai ta ce, "Yaron nan ya ce min ke ma'abociyar karatu ce."

"Eh Hajiya. Har littafinki na nema na karanta."

Fuskarta ta washe kamar an buɗe taga. "Kai! Kin san kyanwar?"

"Mai ido ɗaya! Hajiya, ranar da ta kwanta a kan hular ɗan sanda..."

"Ya rasa yadda zai yi ya tafi kai ba hula!" Ta tafa hannu. Muka kwashe da dariya tare. Muka yi mai aski, muka yi gadar, muka yi yadda tsohuwa ke cewa a ƙara suga duk lokacin da ta gano ana mata ƙarya. Hajiya ta san kowane layi. Ni kuwa ina kallon littafin da ya tsufa a hannunta, na ce a raina wannan ai ta sauke shi ya fi a ƙirga. Raina ya yi fari. Na manta da Umma, na manta da taunar magana.

Ta sunkuyo ta rage murya kamar mai gulma. "Matar likitan nan fa? Ni tun farko ban yarda da ita ba."

"Ai ni ma ta so ta ruɗe ni, Hajiya! Wa zai taɓa cewa mai gyaran famfon nan ne? Wallahi lokacin da tsohuwa ta riƙe hannunsa ta kai shi wurin 'yan sanda, kuka na yi kamar..."

Ƙarar cokali na ji a ƙasa. Malam To na tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, shayi na zuba a gefen kofi, idonsa a kaina. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Hajiya ba ta motsa ba. Murmushin na nan a fuskarta, amma kamar an manta shi a wurin. A hankali ta ce, "Mai famfo."

"Eh... Hajiya."

"Mai famfo," ta sake cewa. Ta shafa bangon littafin. Sannan ta juya wajen ɗanta. "Zo ka kai ni ɗaki. Ku gaida gida, 'yan mata. Na gode da zuwa."

A bakin ƙofar gida ya same mu. Yaya ta matsa gefe tana danna waya, kunnenta kuwa duk yana wurinmu.

"Me na yi? Don Allah me na yi?"

Ya jawo ƙofar ya rufe. Sannan ya ce lokacin da idon Hajiya ya fara dushewa, mahaifinsa ne ya sayo littafin. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a kujerar nan ta gefen taga ya karanta mata babi ɗaya, su yi ta gardama a kan wanda ya yi kisan. Saura 'yan babuka kaɗan, ya sa jan zare a shafin, ya ce sai gobe. Goben a asibiti ta same shi. Bai dawo ba.

"Tun daga nan ni nake karanta mata. In mun zo wurin zaren sai ta ce ya isa, koma farko. Shekaru ke nan."

"Ba ta taɓa jin ƙarshen ba?"

"A'a."

"Kai fa?"

"Ni ma." Ya kalle ni. "Yanzu na ji."

Innalillahi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba?" Ya ce, "Ban san za ki nema ba." Gaskiyarsa. Ni ma gaskiyata. Amma gaskiyarmu ba ta mayar wa Hajiya abin da na fasa mata ba.

Kafin in cire mayafi Yaya ta gama ba Umma labari. Umma ta riƙe haɓa ta ce, "Bakin nan naki, bakin nan naki! Ban ce ki tauna ba?" Kafin magariba Gwaggo ta ji, ta iso da ƙarfinta, ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ato. Wani abin alheri ne. Gidan da za a yi fushi da mutum a kan tatsuniya, ina zaman lafiya? Ɗan ƙawata ko jarida ba ya karantawa." Abba kuwa tambaya ɗaya ya yi min: "Kin ba da haƙuri?" Na ce ban sami fuska ba. Ya ce, "Wata dai ba ya jiran kowa."

Na rubuta wa Malam To saƙon ban haƙuri, na goge, na sake, na tura. Na ce ya karanta wa Hajiya.

"To."

A da ina iya rarrabe To ɗinsa, na san na jin daɗi, na san na gajiya. Wannan ban gane shi ba.

"Tana cin abinci?"

"Kaɗan."

"Ka yi mata karatu yau?"

"Ta ce a bari."

Shekaru ba a fasa karatun nan ba, sai da na shiga gidan da bakina. Ku yarda da ni, a kwanakin nan ba auren ne ya fi damuna ba, ko da yake ina jin Gwaggo a tsakar gida tana waya da ƙawarta tana cewa "ai an kusa". Kujerar nan ta gefen taga nake ta gani, da matashin da ke kanta. Matar nan ta samu wuri ɗaya da mijinta bai gama tafiya ba, ni kuma na zo da doguwar rigata mai furanni na rufe mata shi.

Ina bayan kanta ina jera kwalaben maganin tari, waya ta yi ƙara. Lambar Malam To. Na ɗauka da sauri, sai na ji ba muryarsa ba ce.

"Ke ce mai kantin magani?"

Na miƙe tsaye kamar tana ganina. "Ni ce, Hajiya. Ina wuni, Hajiya, don girman Allah..."

"Ajiye wannan. In kin tashi ki biyo. Ke kaɗai, kada ki kwaso min yayarki mai dariya ƙasa-ƙasa."

Da farar rigar aikina na je, ko hoda ban shafa ba. Tana nan a kujerarta, littafin a cinya. Malam To ya buɗe min ƙofa ya shige ciki, amma ina hango ƙafarsa ta ƙarƙashin labule. Na durƙusa zan fara, ta ɗaga hannu.

"Tambaya zan yi miki, ki ba ni gaskiya. Mai famfon nan, kafin a zo inda muke tsayawa, sau nawa ya fito?"

"Sau ɗaya, Hajiya."

"Ya yi wani abin da mai hankali zai zarge shi?"

"A'a. Sai can gaba ake ganewa."

"Ke da kika karanta, da kanki kika gano shi?"

Na sunkuyar da kai. Na ce a raina yau dai komai ya ƙare, gara in ƙare da gaskiya. "A'a Hajiya. Leƙawa na yi. Tun kafin in fara na duba shafin ƙarshe. Halina ne."

Sai na ga kafaɗarta na rawa. Na zata kuka ne, na matso. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ta cire gilashi tana share ido da gefen mayafi.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa! Macuci!"

"Hajiya, ni?"

"Ba ke ba, 'yar nan. Baban yaron nan!" Ta nuna kujerar da ba kowa. "Tun makon farko ya ce min mai famfo ne. Na ce wane mai famfo, mutumin da ya sha shayi ya tafi? Ya ce ke dai ki zuba ido, kaifin ƙwaƙwalwa ne, ni na san mutane. Har muka yi da shi wanda ya faɗi shi zai riƙa haɗa shayin yamma. Ni kuwa in na tashi alwala ina jin ƙarar takarda a bayana, shafi da yawa ana juyawa. In na dawo in ce me kake yi, ya ce iska ce. Iska! A ɗakin da taga ke rufe!"

Ta sake fashewa, ni ma na kama, ina dariya hawaye na zuba. Daga bayan labule na ji wani ɗan sauti, kamar mutum ya toshe bakinsa.

Da ta lafa sai ta yi ajiyar zuciya, ta laluba hannuna ta riƙe.

"Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye miki ba. Kin san me ya sa ban taɓa bari a wuce zaren nan ba? Muddin ba a kai ƙarshe ba, gardamarmu ba ta ƙare ba. Kullum in yaron nan na karatu, ina ba babansa amsa a raina, ina cewa ka ji ko, ka ji matar likita ko. Da kika faɗa, sai na ji kamar an tashe ni daga hira an ce baƙo ya tafi. Na ƙi abinci. Sai kuma na zauna ina ta juya abin, ta yaya ya sani? Ta yaya? Jiya ina zaune a nan ni kaɗai sai na ji ni ina dariya." Ta matse hannuna. "Ashe ba ki ƙarar min da gardamar ba. Sabuwa kika ba ni. Yanzu ina da abin da zan tuhume shi da shi har in je in same shi. Shayin nan kuwa ba zan haɗa ba, ai maguɗi ya yi."

Na ɗora ɗaya hannuna a kan nata.

Ta miƙo min littafin. "Tashi daga ƙasa. Zauna can."

Na kalli kujerar gefen taga, na kalli labule. Ƙafar Malam To ba ta motsa ba.

"Hajiya, nan ɗin?"

"Ina ce kunnenki lafiya? Ɗauke matashin. Buɗe wurin zaren. Yaron nan yana da kirki amma karatunsa kamar yana kiran sunayen 'yan aji. Kyanwa da ɗan sanda duk murya ɗaya."

Na zauna a bakin kujerar. Jan zaren ya kwanta a tsakiyar shafin har ya bar sawunsa a takarda. Daga nan zuwa ƙarshe shafukan farare ne tas, ba kamar na baya da suka sha hannu ba, sai dai can a kusurwar shafin ƙarshe akwai ɗan lanƙwasa, irin na wanda ya buɗe da sauri ya rufe. Na gaya mata. Ta ce, "Kin gani ko? Har shaida ya bari."

Ta kafa min sharaɗi. Babi ɗaya a rana, ba ƙari ko ta roƙe ni. Kada muryata ta nuna na san abin da ke gaba. In mai famfo ya fito, in karanta shi kamar kowa, don ita har yanzu tana so ta ji yadda matar likita za ta wanke kanta.

Na karanta. Muryata na rawa a layin farko, a na biyu ta daidaita. Na yi wa tsohuwa murya, na yi wa mai aski tasa. Hajiya ta jingina, ta lumshe ido, wani wurin ta ce "uhm", wani wurin ta ce "ƙarya take". Da babin ya ƙare na mayar da zaren sabon wuri, na rufe.

"Gobe war haka," in ji ta. "In wannan ya ƙare akwai wasu cike da kwali a ƙarƙashin gado, duk shi ya tara, ba mu kai gare su ba." Ta ɗan karkata kai wajen labule, ta ɗaga murya. "Sai dai zirga-zirgar za ta yi wa yarinyar mutane yawa. Kai da ke laɓe, in ka gama laɓewar ka kira min kawunka babba. Ka ce ina nemansa da safe, ya zo da shirin fita."

Daga bayan labule aka ce, "To."

Wannan To ɗin na gane shi.

Ina cikin mota a hanyar gida, na jingina kaina da gilashi, ina tunanin fuskar Gwaggo, waya ta yi ƙara a aljihun farar rigata. Malam To. Na buɗe ina jiran haruffa biyun da na saba, sai na ga rubutu ya cika fuskar wayar, ya gangara ƙasa, bai ƙare ba. Shi! Mutumin da ke auna kalma kamar maganin ɗigawa! Yatsana ya riga ni, ya sauka a kan gilashin zai ja ƙasa in ga da me ya rufe.

Na tsaya. Na janye yatsan, na riƙe shi da ɗaya hannun kamar yaro mai ƙiriniya. Na gyara zama, na koma layin farko.